Malam Kailani Ba Ya Faɗin Abin da Bai Gani Ba

Ranar wata Alhamis da hantsi, shekara goma sha biyar da isowar jirgin ƙasa Zariya, mutanen Tudun Wada suka ga abin da ba su taɓa gani ba, wato Malam Kailani yana gudu. Ba wani gudun a zo a gani ba ne. Mutumin da ya ba arba'in da biyar baya, ga babbar riga, ga rawani, ga littafi a hammata, iyakar ƙoƙarinsa ita ce irin sassarfar da agwagwa ke yi in ta hango tafki. Amma dai gudu ne. Mahauci ya ajiye wuƙa, mai goro ya miƙe tsaye yana tambaya ko gobara ce.

Bai zame ko'ina ba sai rumfar Salmanu maɗinki, ɗan kawunsa, kuma taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa yin magana ta minti biyar ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

"Salmanu! Suna da ita! Wallahi suna da ita!"

Salmanu bai ɗaga kai daga wuyan rigar da yake wa aiki ba. Ya ce, "Su wa ke da wa, bawana? Zauna ka yi numfashi tukuna, kada ka cika a rumfata a ce ni na kashe ka."

"Turawa! Suna da Kana da 'yan'uwanta!"

"Madalla. Allah ya ba su zaman lafiya. A cikin 'yan'uwan nata akwai wadda ba ta da miji?"

Malam Kailani ya zube kan tabarma yana haki, ya buɗe littafin a kan gwiwarsa. Shekara ashirin ya yi a zaurukan cikin birni yana karatun nahawun Larabci kafin aikin koyarwa ya fito da shi Tudun Wada. Shekara biyu ke nan kuma yana koyon Turanci wurin wani akawun Reluwe mutumin Saliyo, wanda ya yarda ya koya masa bayan Malam ya yi masa rubutun sha ciwon kansa ya lafa. Duk tsawon shekara biyun nan Malam kallon Turanci yake yi kamar kasuwar ƙauye, kowa ya baza kolinsa inda ya ga dama, babu layi babu sarkin kasuwa. Sai yau da safe, da ya kai darasi na goma sha huɗu, ya yi kiciɓis da wata fuska da ya sani.

Ya ce, "Saurara, jahili. In na ce Zaidu ya doki Amru, mutum nawa ke nan?"

"Biyu. Na uku shi ne mai rabo."

"Biyu. Ɗaya na duka, ɗaya na kuka. To in na ce Zaidu ya kasance malami fa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya! Zaidu shi ne malamin, malamin shi ne Zaidu. Kalmar da ke tsakani ba ta doki kowa ba, ba ta ɗauki komai ba, iyakarta ta riƙo hannun mutum ta haɗa shi da halinsa. Ita ce Larabawa ke kira Kana, tana da 'yan'uwa irinta. To ga ta nan a Turanci, ta sake riga kawai!" Ya buga yatsa a kan takardar. "Sunanta a nan is. Ga ƙanwarta became, ita ce ta zama. Har suna da waɗanda mu ba mu da su, akwai ta ɗanɗano, akwai ta ƙanshi, akwai ta yadda ido ke ganin mutum. Salmanu, ashe harshen nan yana da dangi! Ashe 'yan gida ne!"

Murnar tasa tana da dalili. En'e ta buɗe ajin Turanci na manya a wani soro kusa da kasuwa, inda ma'aikata shida ke zuwa bayan azahar, an kuma ba Malam Kailani riƙon ajin kafin a sami malami. Ranar Litinin mai zuwa Baturen makarantu, wanda mutane suka laƙaba wa Tsinke saboda tsawo da rashin kauri, zai zo ya zauna ya ga yadda yake koyarwa. In ya gamsu, aji ya zama na Malam. In bai gamsu ba, akwai wani akawu da za a ɗauko daga Lakwaja, Malam kuwa ya koma gefe, mutanen cikin birni da suka ce masa Turanci ba abincin ɗan gidan malamai ba ne su sami abin taɗi na shekara guda. Darasin da Tsinke ya zaɓa kuwa shi ne wannan na goma sha huɗu.

Salmanu ya ciji zare ya ce, "To karanta mini mu ji 'yan gidan."

Malam ya gyara murya, ya ɗora yatsa a kan layin farko, ya buɗe baki. Sai bakin ya tsaya a buɗe.

"Yaya? Ƙuda ya faɗa?"

Malam ya ce a hankali, "Littafin ya ce, wai mai maganar manomi ne."

"To ka faɗa mana."

"Ni ba manomi ba ne."

Ya bi sauran layukan da ido, fuskarsa na ƙara yin tsami. Ɗan'uwana ya zama likita. Sarki yana cikin fushi. Furen nan yana da ƙanshi. Miyar nan tana da daɗi. Miyar nan ba ta da daɗi. Malam ba shi da ɗan'uwa likita, bai ga Sarki ba tun Sallah, babu fure a gabansa, babu miya.

Wanda bai san gidan su Malam Kailani ba zai ce mene ne abin damuwa a nan. Gidan nasu a cikin birni Gidan Shaidu ake kiransa. Kakansa in ya ba da shaida alƙali ba ya neman ta biyu. Mahaifinsa in aka tambaye shi ko an yi ruwa a Hanwa, sai ya ce, "A ƙofar gidanmu dai an yi." A gidan nan aka yi renon Malam a kan cewa mutum ba ya faɗin abin da bai gani ba, ko a wasa, ko don a yi dariya. Ba su da dukiya, ba su da sarauta, wannan ɗin ce kaɗai jarinsu. Ga shi kuma tsarin ajin shi ne malami ya faɗi jimla da ƙarfi, ɗalibai su maimaita sau uku.

Malam ya ce, "Magidanta shida, kowa sau uku. Ƙarya goma sha takwas a layi ɗaya, ban da tawa. Kuma ni na jawo su. Sa'an nan ka dubi ta Sarki. In tara ma'aikatan Sarki in sa su yi ta shela wai Sarki yana fushi? Kafin la'asar magana ta kai fada."

Salmanu ya yi dariya har allura ta faɗi. "To Zaidun naka fa? Shekara ashirin kana cewa ya doki Amru. Kana wurin aka yi dukan?"

"Zaidu ba kowa ba ne, duk duniya ta san ba kowa ba ne. Amma in na ce ni, ai ni ne. Ka taɓa jin wanda ya ce ni yana nufin wani?"

"To sai ka bar wa mutumin Lakwaja. Su can ba su da kaka."

Malam ya zuba wa taubashin nasa ido. Ya dube shi daga wuya zuwa tumbi, ya sake dubansa daga tumbi zuwa wuya. Sannu a hankali fuskarsa ta washe, idanunsa suka kawo haske irin na ɗazu, har ma ya fi.

Ya ce, "In jimla ba gaskiya ba ce, ai sai a nemo mata gaskiyarta a kawo ta aji. Salmanu, ina so ka zo ranar Litinin. Darasin nan ba zai yiwu ba sai da kai."

Salmanu ya gyara zama. "Gaban Baturen?"

"Gabansa. Kai ne ma za ka tsaya a gaba."

"Ka ga, bawa in ya san ubangidansa Allah na taimakonsa. Zan zo."

Kwana ukun da suka biyo baya Malam bai zauna ba. Ya sayo daddawa mai ƙarfi a ƙunshin ganye, ya aro kwalbar turare, ya zauna ya sake wa kowace jimla mazauni, yana rubutawa yana gogewa, yana magana shi kaɗai a hanya. Abu ɗaya ya rage, shi ne mai wuyar. Ranar Lahadi ya sami maiɗakinsa Hajo tana tankaɗe a tsakar gida, ya tsaya daga nesa kaɗan, kamar yadda mai hankali ke yi.

"Hajo, gobe ina son miya tukunya biyu."

"Baƙi za a yi, Malam?"

"Aji zan kai. Ɗaya mai daɗi." Ya yi tari. "Ɗaya marar daɗi."

Rariya ta tsaya cak. Hajo ta ɗago kai. "Marar me?"

"Ba don ci ba ne, don ilimi ne. Akwai jimlar da ta ce miya ba ta da daɗi, kin kuwa san ba zan faɗa ba sai in haka ne. Ki cika gishiri, ko ki bari ta kama, ko dai yadda ake yi."

"Yadda ake yi! Ni na san yadda ake yi? Shekara ashirin da biyu ina girki a gidan nan, wace rana ka taɓa ture akushi? Yau kuma sai in ɗauki hannuna in ɓata miya, a kai gaban Nasara da ma'aikatan Sarki, kowa ya koma gida ya gaya wa matarsa ga abin da ake ci gidan Malam Kailani?"

"Zan yi musu bayani cewa da gangan ne."

"Bayani a aji zai tsaya, Malam. Labarin miya shi zai shiga gari."

Ya kawo mata Kana, ya kawo 'yan'uwanta, ya kawo mutumin Lakwaja, ya kawo 'yan cikin birni da dariyar da za su yi. Ta saurare shi tana tankaɗenta. Can ta kakkaɓe hannu ta ce, "To, Malam. Za ka sami tukunya biyu."

Ya tafi yana sa mata albarka. Da ya auna maganarta yadda yake auna tasa, da ya lura da iyakar abin da ta yi alkawari. Amma murna ba ta barin mutum ya yi awo.

Ranar Litinin bayan azahar ɗalibai shida suka hallara, kowa da allonsa. Babbansu Ɗantsoho, malamin kasuwa mai furfura, wanda ya shiga ajin don ya gaji da jin Turawa na magana a kansa yana murmushi bai san me suke cewa ba. A ƙarshen layi ga Nagoda, masinjan ofis, mai saurin baki. Salmanu kuwa ya zo cikin rigarsa ta Sallah, aska takwas, ya sha rawani, yana ƙamshi, ya sami wuri a gaba ya harɗe. A gefen babban allo, inda Malam ya riga ya rubuta jimlolinsa da alli, ga tukwane biyu a rufe da faifai, ga ƙunshin daddawa, ga kwalba.

Tsinke ya iso a kan keke, ya jingine shi, ya sunkuya ya shigo don ƙofar ba da shi aka auna ta ba. Aka gaishe shi. Ya zauna a kujera ɗaya tak da ke ɗakin, ya ɗora hular kwanonsa a gwiwa, ya fito da ɗan littafi da fensir. Ya dubi tukwanen, ya dubi Salmanu. Yana jin Hausa sarai, ko da yake tasa a miƙe take kamar shi.

"Malam, biki ne?"

"Darasi ne, ranka ya daɗe."

"To. Fara."

Malam ya yi bisimilla a zuciya. Da ya buɗe baki sai abin ya kwashe shi. Ya yi musu bayanin kalmar da ba ta dukan kowa, ya ɗaga hannu biyu ya haɗa su, ya ce ga mutum ga halinsa, ita kuma ga ta a tsakiya kamar mai haɗa aure. Ya nuna Ɗantsoho, wanda kowa ya san gonarsa ta dawa a bayan gari, ya ce, "Ɗantsoho is a farmer." Aji ya amsa sau uku, Ɗantsoho na gyaɗa kai don tabbatarwa. Ya buɗe kwalba ya zagaya da ita hanci hanci, aka faɗi ta ƙanshi. Ya kwance daddawa, aka faɗi ta wari, ba a ma jira ya zagaya da ita ba. Tsinke ya fito da hankici, ya rubuta wani abu.

"Salmanu, bisimilla, taso."

Salmanu ya miƙe, ya baza riga, ya yi wa Bature jinjina.

Malam ya ce, "Baba Ɗantsoho, ka san mutumin nan shekara goma da suka wuce?"

"Na san shi. Kamar sillen kara yake a lokacin. In iska ta taso sai ya kama garu."

"Yanzu fa?"

"Yanzu sai dai garu ya kama shi."

"Kun ji shaida. Ku ce: Salmanu became fat. Salmanu ya zama ƙato."

Suka faɗa sau uku, da ƙarfin da ba su taɓa faɗin wata jimla ba. Salmanu ya ji sunansa, ya ji fassarar, murmushi ya bushe masa a fuska. Ya juyo, idanu sun kaɗa, jijiyar wuya ta tashi.

"Kailani! Don wannan ka sa na ɗauko rigata ta Sallah? Ni za ka..."

Malam ya yi tsalle ɗaya, ya nuna fuskar da alli. "Ku duba! Ku duba da kyau kafin ta sauka! Salmanu looks angry! Ga fushi nan ido na gani! Maza, sau uku!"

Soron ya ɗauka. Nagoda ya faɗi kan allonsa yana riƙe ciki. Salmanu ya buɗe baki zai yi zagi, ya tuna akwai Bature, ya koma ya zauna yana huci, yana cewa ƙasa ƙasa, "Za mu haɗu a rumfa." Malam kuwa ji yake kamar an ɗora shi a kan gajimare. Jimla biyu daga mutum ɗaya, kuma babu ƙarya ko ta ƙwayar gero. Ya saci kallon Tsinke. Fensir na ta tafiya, fuska ba ta ce komai ba.

Ya buɗe tukunya ta farko. Miyar kuka ce, ta sha man shanu. Ya ɗiba da ludayi ya ɗanɗana, ya miƙa wa ɗalibai kowa ya lasa. "The soup tastes good." Aka amsa da zuciya ɗaya.

Ya buɗe ta biyu. Tun daga tururin ƙanshi ya bugi hancinsa. Ya ce a ransa wataƙila a gishiri Hajo ta ɓoye abin. Ya kai ludayi baki.

Taushe ce. Kabewa ta narke, gyaɗa ta kama jikinta, ga ƙashin rago, ga yakuwa daidai kima. A shekara ashirin da biyu Hajo ba ta taɓa yin miya kamar wannan ba, har ranar sunan ɗansu na fari. Ta zuba duk abin da Allah ya hore mata na iyawa a tukunyar da aka ce ta ɓata.

A kan babban allo, da rubutun hannunsa, jimla na jira: The soup tastes bad.

Malam ya tsaya da ludayi a hannu. Ba wanda ya ɗanɗana sai shi. In ya rufe tukunyar ya faɗi kalmomi huɗun nan, ya ce ba sai sun wahalar da harshensu ba, shi ke nan, darasi ya tafi sumul, Bature ba zai sa bakinsa a ludayi ba. Kalmomi huɗu, kuma ba ma da Hausa ba. Ya ji wata murya a ransa tana tambaya ko ƙaryar da aka yi da Turanci tana shiga littafin mala'iku, tunda dai ba a tabbatar suna jin sa ba. Ya ji kunyar kansa da wannan tunani. Aji ya yi tsit, ana jin ƙudan da daddawa ta gayyato.

Ya ajiye ludayi, ya kama hannun rigarsa ya goge kalmar ƙarshe, ya rubuta good a wurinta. Ya ce, "Ita ma wannan tana da daɗi. Ta ma fi ta farko."

Tsinke ya rufe ɗan littafinsa ya miƙe, kansa ya kusa taɓa azara.

"Malam, na yi haƙuri da manomi. Na yi haƙuri da wannan mai ƙiba. Na yi haƙuri da wannan abu mai wari. Ina Sarki? Ina likita? Yanzu kuma ka goge abin da littafi ya ce. Littafin nan manyan malamai suka rubuta shi a Ingila. Sun ce miya ba ta da daɗi, kai kuma ka ce tana da daɗi. Ba gaban alƙali kake ba, Malam. Misali ne kawai."

Malam ya durƙusa, gumi na bin rawaninsa. A zuci ya ga akawun Lakwaja yana sauka daga jirgi da akwatinsa, ya ga 'yan cikin birni suna gyara tabarma don jin labari.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban musa wa malaman Ingila ba. Mai yiwuwa miyar da suka ɗanɗana a can haka take. Tamu ce dai ba haka take ba."

Kunnuwan Tsinke suka yi ja. Ya juya baya ya dubi bango na ɗan lokaci, kafaɗunsa suka motsa sau biyu, ba wanda ya san ko tari ne. Da ya juyo fuskar ta koma yadda take.

Ya ce, "Zan tambayi ɗaliban da kaina. Kai Malam, kada ka sa baki." Ya nuna Ɗantsoho. "Kai, tsoho. An ce Salmanu ya zama ƙato. Salmanu, da ƙato. Mutum nawa ne?"

Ɗantsoho ya ce, "Ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ƙaton shi ne Salmanun. Abincin ne dai na mutum uku."

Tsinke ya ɗauki alli ya nuna wa wani, aka ce masa fari ne, da Turanci, daidai. Ya sa wani ya taɓa randar ruwa, aka ce masa tana da sanyi, daidai. Ya duba ko'ina ya rasa abin da Malam bai shirya ba, sai ya miƙa wa Nagoda hular kwanonsa, wadda ta sha rana da gumin rangadi tun daga Kaciya. Ya taɓa hancinsa, alamar kalmar da yake so.

Nagoda ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci, ya shaƙa da gaskiyarsa. Ya dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Nagoda ya miƙe tsaye, ya ƙame kamar soja.

"The hat smells bad, sa!"

Sauran biyar ɗin, da yake sun saba, suka maimaita sau uku.

Malam ya rufe ido ya fara salati. Tsinke ya karɓi hularsa ya juya ta, ya ɗan kai ta kusa da hanci, ya janye. Ya ce, "Jimlar daidai ce." Ya koma kujera ya buɗe littafin darasi, ya bi shafin da yatsa har ƙasa.

"Saura ɗaya, Malam. Ta ƙarshe. Ba ka rubuta ta a allo ba."

Malam ya san ta. Kwana uku yana kewaye ta kamar rijiya marar murfi. I am your teacher. Ni ne malaminku.

"Karanta."

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

"Ba ka iya karanta kalma huɗu ba?"

"Na iya. Ban dai sani ba ko haka ne. Riƙo aka ba ni. Wannan jimlar ba ta da tukunyar da zan buɗe, gaskiyarta a bakinka take."

Tsinke ya dube shi. Ya buɗe ɗan littafinsa ya karanta abin da ya rubuta, ya ja layi a kan wani abu, ya bar wani. Salmanu, da ya manta yana fushi, ya miƙo wuya har rawaninsa ya karkace.

Can Bature ya ce, "Ban taɓa ganin aji irin wannan ba, kuma ban tabbata ina so in sake gani ba. Amma sun iya. Na ba ka ajin daga yau har ƙarshen damina. In na dawo na tarar sun ci gaba, ya zama naka ɗungum. Daddawa kuma kada ta sake shigowa ɗakin nan." Ya miƙa wa Malam littafin darasi. "Yanzu karanta."

Malam Kailani ya miƙe. Ya gyara rawani, ya fuskanci magidanta shida. Ya ɗaga murya yadda har mai goro a bakin kasuwa sai da ya ji.

"I am your teacher!"

Suka ja numfashi za su maimaita, ya daka musu tsawa. "Kai! Ku ba ku ne malamin ba! Ku juya ta, ku ce you!"

Sai ya dubi Bature, ya dubi jimlar, ya ga akwai sauran gyara. Ya ƙara da Hausa, don bai kai darasin da za a faɗe ta da Turanci ba tukuna, "Har ƙarshen damina."

Magidanta shida suka haɗa baki, Salmanu na bakwai, suka amsa sau uku, soro na amsa musu:

"You are our teacher, har ƙarshen damina!"